TARIHIN ALHAJI UMARU MUSA 'YAR'ADUWA, MATAWALLEN KATSINA, DA ALKAWARINSA DA MALAMAN JAMI'A

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Bayan haka, wannan labarin Alhaji Umaru Musa 'Yar'aduwa ne, Matawallen Katsina, wanda ya fara aiki yana koyarwa a aji, ya ƙare yana Shugaban Ƙasar Nijeriya. Ayyukansa suna da yawa, ɗan littafi kamar wannan ba ya ɗauke su duka. Saboda haka za a bi rayuwarsa a taƙaice, sa'an nan a tsaya a kan al'amari guda wanda ya shafi kowane mai cin albashi, watau jayayyar da ta shiga tsakanin gwamnatinsa da malaman jami'o'i bisa albashi da sharuɗan aiki, da takardar da aka sa wa hannu cikin shekarar 2009.

Abin da ya sa al'amarin ya cancanci a duba shi, mutumin nan gado biyu ya haɗa, gadon alli da gadon mabuɗin baitulmali. Malami ya san zafin jiran ƙarshen wata, ma'aji kuwa ya san abin da ke cikin akwati. To, ranar da malamai suka taru a ƙofar baitulmali suna neman hakkinsu, sai suka tarar ɗan'uwansu ne ke riƙe da mabuɗi.

ASALINSA

An haifi Umaru a birnin Katsina ran 16 ga Agusta, 1951, a zamanin Sarkin Katsina Usman Nagogo. Gidansu yana unguwar 'Yar'aduwa, daga nan suka sami sunan da duniya ta san su da shi. Kakansa na wajen uba, Malam Umaru, shi ne Matawallen Katsina a zamaninsa, shi ne kuma aka mayar wa yaron da sunansa. Kakarsa kuwa Basulluɓa ce, 'yar'uwar Sarki Muhammadu Dikko.

Sarautar Matawalle ta tsaron dukiyar sarki ce. A zamanin Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, aka fara gwada baitulmalin En'e a Katsina, sa'ad da Palmer ya ke Razdan. Kafin wannan, hakimi da alƙali da dogari ba su da wani abu yankakke da su ke jira a wata. Da baitulmali ya kafu, sai aka riƙa zuba rabon En'e na haraji da jangali a wuri ɗaya, a rubuta abin da ya shigo, a rubuta abin da ya fita, a biya kowa albashinsa, tun daga sarki har ɗan doka. Cikin gidan da ya san wannan aiki yaron ya tashi.

Mahaifinsa, Alhaji Musa 'Yar'aduwa, ya yi karatu a Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922 domin horon malamai. Ya koyar a Makarantar Midil ta Katsina, ya yi wa En'e aiki, sa'an nan aka zaɓe shi Majalisar Wakilai ta Ikko. A gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa shi ne Ministan Harkokin Ikko, har soja suka hamɓare mulki cikin Janairu 1966. Shi ma ya riƙe sarautar Matawalle har rasuwarsa a 1993. Mahaifiyar Umaru ita ce Hajiya Dada. Yayansa kuwa shi ne Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, Tafidan Katsina, wanda ya yi mataimakin shugaban mulkin soja daga 1976 zuwa 1979.

KARATUNSA DA KOYARWARSA

An sa Umaru makarantar Rafukka a 1958. A 1962 ya wuce makarantar kwana ta Dutsinma, daga nan sai Kwalejin Gwamnati ta Keffi, inda ya zauna daga 1965 zuwa 1969. Ya ƙarasa a Kwalejin Barewa ta Zariya a 1971. Barewa kuwa ita ce tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka ƙaurar Kaduna a 1938, daga baya aka kai ta Zariya. Watau ɗa ya sha daga rijiyar da uba ya sha, wuri ne kaɗai ya sauya.

A 1972 ya shiga Jami'ar Ahmadu Bello, ya karanta ilmin koyarwa tare da ilmin harhaɗa sinadarai, ya fita a 1975. Yana ɗalibi a nan ya ga abin da zai sake gani bayan shekara talatin da shida. A 1973 malaman jami'o'i suka ajiye aiki suna neman gyaran albashi. Janar Yakubu Gowon ya ba su zaɓi, ko su koma aji ko su fita daga gidajen gwamnati da su ke ciki. Yawancinsu ba su da wani gida sai wannan, saboda haka suka koma, amma ba su manta ba.

A shekarar da ya gama jami'a ya auri Hajiya Turai, ya tafi Ikko ya yi shekarar bautar ƙasa yana koyarwa a wata makarantar 'yan mata. Daga 1976 zuwa 1979 ya koyar a Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Zariya, ya kuma koma jami'a neman digiri na biyu. A 1979 ya dawo gida ya ci gaba da koyarwa a babbar kwalejin Katsina, wadda aka sani da Foliteknik, har 1983. Sa'an nan ya ajiye alli ya tafi Funtuwa ya zama manajan gonar Sambo, har 1989. Shekara takwas ke nan yana cin albashin malami, ɗan Minista, ƙanen Janar, alhali kuwa da ya so wani aikin da ya fi maiƙo, da ba a rufe masa ƙofa ba.

SIYASA DA GWAMNAN KATSINA

A Zariya ya yi hulɗa da malamai masu ra'ayin talakawa, irin su Dokta Yusufu Bala Usman, wanda shi ma jinin sarautar Katsina ne. Da aka buɗe siyasa a 1978, mahaifinsa yana cikin manyan jam'iyyar NPN, amma shi sai ya bi PRP ta Malam Aminu Kano. Uba da ɗa suna gida ɗaya, kowa da tutarsa, ladabi kuwa bai ragu ba.

An ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987. A 1991 ya nemi kujerar Gwamna a jam'iyyar SDP, Alhaji Sa'idu Barda ya kayar da shi. Cikin Disamba 1997 yayansa Shehu ya rasu a kurkukun Abakaliki, a zamanin Janar Sani Abacha. Da mulki ya komo hannun farar hula sai aka zaɓi Umaru Gwamnan Katsina a jam'iyyar PDP. Ya hau ran 29 ga Mayu, 1999, aka sake zaɓensa a 2003. Sarkin Katsina Muhammadu Kabir Usman ya naɗa masa rawanin Matawalle, rawanin ubansa da kakansa.

Halin ma'aji ya bi shi gidan gwamnati. Ya bayyana dukiyarsa a fili, abin da gwamnoni ba su saba yi ba. Ba shi da yawan magana, ba ya son taro, hannunsa kuwa ba ya saurin buɗewa. Waɗansu suka kira wannan tattali, waɗansu suka kira shi rowa. Ya tarar da bashi a baitulmalin jiha, ya bar kuɗi a ciki. Inda ya fi sakin hannu shi ne wajen gina makarantu da hanyoyi. A 2006 ya kafa jami'ar jiha a kan hanyar Dutsinma, wadda a 2009 aka sa mata sunansa. Wanda ya kafa jami'a kuwa ya ɗauki nauyin biyan malamanta. Wannan ya sanar da shi abin da gwamnonin jihohi ke ji in an yanka albashi a Abuja, su kuwa aka bar su da biya.

ASALIN JAYAYYA

Kafin a shiga shari'a, wajibi ne a san mafarinta. Ƙungiyar Malaman Jami'o'i, wadda a ke kira ASUU, ta kafu a 1978, ta gaji wata tsohuwar ƙungiya ta 1965. Da farashin man fetur ya faɗi, gwamnatin Janar Babangida ta shigo da tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, darajar naira ta zube. Albashin farfesa ya zama ba ya kai shi ƙarshen wata. Ɗakunan gwaji suka rasa kayan aiki, ɗakunan karatu suka daina samun sababbin littattafai, ɗalibai kuwa kullum ƙaruwa su ke. Malamai da likitoci masu yawa suka tattara nasu-ya-nasu suka tafi Ingila da Amurka da Makka da kudancin Afirka.

A 1988 malamai suka shiga yajin aiki, gwamnati ta haramta ƙungiyar. Aka ɗage a 1990, aka sake haramta ta a 1992. Duk da haka gwamnati ta zauna da shugabanninta, ran 3 ga Satumba, 1992 aka sa hannu a kan yarjejeniya, Dokta Attahiru Jega na Jami'ar Bayero yana shugaban malamai. Daga wannan takarda aka sami dokar 1993 wadda ta ɗora wa kamfanoni harajin ilmi, kashi 2 cikin 100 na ribarsu. Asusun da aka buɗe da wannan haraji shi ne daga baya, a 2011, ya zama TETFund. Da yawa daga gine-ginen da ke tsaye a jami'o'i da kuɗinsa aka yi su.

A 2001, zamanin Shugaba Obasanjo, aka yi wata yarjejeniya, aka rubuta a ciki za a riƙa sake dubanta bayan kowace shekara uku. Shekara uku ta cika a 2004, ba a zauna ba. A wannan shekara ta 2001 kuma Jami'ar Ilori ta sallami malamai 49 waɗanda suka shiga yajin aiki. Suka kai ƙara, shari'a ta yi ta hawa daga kotu zuwa kotu. Sai cikin Disamba 2006 gwamnati ta naɗa kwamitin sake shawara, Gamaliel Onosode yana shugabanta. A ɓangaren malamai kuwa Dokta Abdullahi Sule-Kano ne na jami'ar Sakkwato. Ba a yi nisa ba aka saɓa, ran 26 ga Maris, 2007 malamai suka rufe azuzuwa.

HAWANSA MULKI

Jami'o'i na rufe aka yi zaɓen Afrilu 2007, aka ba Umaru nasara. Ya hau ran 29 ga Mayu, wannan ne karo na farko a Nijeriya da farar hula ya miƙa wa farar hula mulki. Ya faɗa da bakinsa zaɓen da ya kawo shi yana da aibi, ya kuma naɗa kwamitin gyaran zaɓe a ƙarƙashin tsohon Alƙalin Alƙalai Muhammadu Lawal Uwais, ya sa Attahiru Jega a ciki. Ya bayyana dukiyarsa, kimanin naira miliyan 856. Ya saki kuɗin ƙananan hukumomin Ikko waɗanda gwamnatin da ta gabace shi ta riƙe. Tun da aka fara zaɓen shugaba mai cikakken iko a 1979, shi ne na farko da ya zo da digirin jami'a, mataimakinsa Dokta Goodluck Jonathan kuma tsohon malamin kwaleji ne. Malamai suka sa rai ƙwarai. A farkon Yuli suka janye yajin aiki, bisa alkawarin za a koma zaman shawara.

Kafin wannan ma an gwada shi. Cikin Yuni 2007 ƙungiyoyin ƙwadago suka tsayar da ƙasa kwana huɗu saboda ƙarin kuɗin fetur da ƙarin harajin kaya, waɗanda Obasanjo ya yi yana gab da sauka. Umaru ya rage fetur daga naira 75 zuwa 70, ya mayar da harajin kaya daga kashi 10 zuwa 5, ya yarda da ƙarin albashi na kashi 15 cikin 100. Ma'aikata suka gane mutumin yana jin magana.

Amma a 2008 aka ga ɗaya fuskar. Malaman firamare da sakandare suka yi yajin aiki na kimanin mako biyar suna neman tsarin albashi nasu na dabam. Gwamnatin Tarayya ta tsaya a kan cewa ba ita ta ɗauke su aiki ba, ba kuwa za ta yanka wa jihohi abin da za su biya ba. Sai da gwamnoni suka zauna da kansu suka yarda da ƙarin kashi 27.5 cikin 100, sa'an nan wuta ta lafa. Wannan hujja ita ce aka sake ɗaukowa a shekara mai zuwa.

YAJIN AIKIN 2009

Zaman kwamitin Onosode ya tsaya cikin Janairu 2008, domin malamai sun ce sai an mayar da 'yan'uwansu na Ilori, gwamnati kuwa ta ce magana tana gaban alƙali, ba ta shiga gaban shari'a. Cikin Agusta aka koma, a lokacin Farfesa Ukachukwu Awuzie ya karɓi shugabancin malamai. Zuwa farkon 2009 an gama shawara, an rubuta takarda, sa hannu kaɗai ya rage. A nan gizo ke saƙar.

Tsakanin fara shawara da gamawa duniya ta juya. Gangar ɗanyen mai da ta kai dala 147 cikin Yuli 2008 ta faɗo ƙasa da dala 40 kafin shekara ta ƙare. Rikicin masu ɗauke da makamai a yankin Neja Dalta ya rage man da a ke haƙowa. Abin da wakilan gwamnati suka amince da shi lokacin yalwa, sai ga shi an kawo a biya lokacin ƙunci. Gwamnati ta yi ta jinkiri. Malamai suka yi yajin gargaɗi na mako biyu cikin Mayu, ba a ce musu kome ba. Ran 22 ga Yuni, 2009 suka shiga yajin sai abin da hali ya yi. Ƙungiyoyin sauran ma'aikatan jami'a, akawuna da masu kula da ɗakunan gwaji da leburori, su ma suka bi sahu da nasu buƙatun.

Ga hujjar malamai. Gwamnati ce ta naɗa Onosode da hannunta, ta ba shi ikon magana da sunanta, aka yi shekara biyu ana zama. Wakilin mutum kamar shi kansa ne, abin da wakili ya ƙulla ya hau kan wanda ya aike shi. In kuwa mai aike yana da ikon ya warware bayan an gama, to, zaman shawara ya zama wasan yara. Sun kuma kafa hujja da cewa Nijeriya tun 1960 ta amince da ƙa'idar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya wadda ta ba ma'aikata ikon yin ciniki da mai aiki a ƙungiyance.

Ga hujjar gwamnati, wadda Ministan Ilmi Dokta Sam Egwu ya riƙa bayyanawa. Na farko, baitulmali ba ya ɗaukar abin da aka rubuta, domin malamai sun nemi kusan a ninka albashi. Na biyu, kowace jami'a tana da majalisar gudanarwa, ita ce ta ɗauki malami aiki, ita ya kamata ta ƙulla da shi. Na uku, Gwamnatin Tarayya ba ta da ikon ta ɗaure jihohi da alkawarin da ba su halarta ba. A ganinta, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ta miƙa ƙarin kashi 40 cikin 100 na albashi, malamai suka ƙi karɓa, domin a ganinsu in suka karɓi kuɗi ba takarda, an sayi bakinsu ke nan, an bar ɗakunan gwaji yadda su ke. Cikin Agusta gwamnati ta ce ba ta ƙara zama sai an koma aiki.

Shugaba kuwa a watannin nan abubuwa sun yi masa taron dangi. Ran 25 ga Yuni ya yi shelar afuwa ga mayaƙan Neja Dalta. A ƙarshen Yuli tarzomar Boko Haram ta tashi a Bauci da Maiduguri. Cikin Agusta Babban Banki ya tuɓe shugabannin bankuna biyar don kada su durƙushe. Jikinsa kuma ba ƙwari, domin ciwon ƙoda yana tare da shi tun yana Gwamna. Waɗannan duka uzuri ne, amma ɗalibin da ya yi wata huɗu a gida, da uban da ya sayar da hatsi ya biya masa kuɗin makaranta, uzuri bai mayar musu da kwanakinsu ba. Jaridu suka yi ta zargin Shugaba da tafiyar hawainiya. Abin da ya fi yi wa malamai ciwo shi ne mai jinkirin nasu ne.

Daga ƙarshe ya yarda a sa mai sulhu. Wanda aka samu shi ne Gwamnan Edo, Adams Oshiomhole, wanda ya taso cikin ma'aikatan masaƙa a Kaduna, ya shugabanci Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa daga 1999 zuwa 2007. Mutum ne da ya san ciwon mai karɓa, ya kuma fara ɗanɗana ciwon mai biya. Ya yi ta kai da kawowa har malamai suka dakatar da yaji na mako biyu a farkon Oktoba. Ran 21 ga Oktoba, 2009 aka sa hannu a Abuja, Onosode a madadin gwamnati, Awuzie a madadin malamai. Bayan kwana biyu aka janye yajin aiki ɗungum. Sauran ƙungiyoyin ma aka ƙulla da kowace nata.

ABIN DA TAKARDAR TA ƘUNSA

Ginshiƙanta huɗu ne. Na ɗaya, sharuɗan aiki: aka tsara wa malaman jami'a ma'aunin albashi nasu, da ƙarin da ya ɗara rabin tsohon albashi kaɗan, da alawus na aikin da ya wuce kima, kamar duba ɗaliban babban digiri da koyar da aji mai cunkoso. Aka yarda farfesa ya kai shekara 70 kafin ya yi ritaya, maimakon 65, a kuma kafa wa ma'aikatan jami'a hukumar fansho tasu. Na biyu, kuɗin gyara: aka ƙiyasta jami'o'in tarayya suna bukatar kimanin naira tiriliyan ɗaya da rabi cikin shekara uku, daga 2009 zuwa 2011, a kuma riƙa ɗaga rabon ilmi har ya kai kashi 26 cikin 100 na kasafin shekara. Na uku, 'yancin jami'a wajen tafiyar da al'amuranta da 'yancin malami wajen bincike da koyarwa. Na huɗu, a sake duba takardar bayan shekara uku.

Batun jihohi kuwa, sai aka raba gardama: takardar ta ɗaure Gwamnatin Tarayya, ga jihohi kuma ta zama ma'aunin da bai kamata a gaza shi ba. Shari'ar Ilori ita ma ta ƙare a shekarar. Kotun Ƙoli ta mayar da malamai biyar cikin Yuni, sauran 44 cikin Disamba, ta ce a biya su albashinsu na shekarun da suka yi a waje. Waɗansunsu hukunci ya tarar sun riga mu gidan gaskiya.

CIWONSA DA RASUWARSA

Wata ɗaya da kwana biyu bayan sa hannu, ran 23 ga Nuwamba, 2009, aka fita da Shugaba zuwa asibiti a Jidda saboda kumburin jakar zuciya. Ya tafi bai miƙa wa mataimakinsa mulki a rubuce ba, ƙasa ta shiga ruɗani wata biyu da rabi. Ran 9 ga Fabrairu, 2010 Majalisar Tarayya ta ɗora Jonathan a matsayin muƙaddas. Aka dawo da shi Abuja da dare a ƙarshen watan, jama'a ba su sake ganinsa ba. Allah ya karɓi ransa ran 5 ga Mayu, 2010, yana da shekara 58. Kashegari aka kawo shi Katsina, aka yi masa salla, aka binne shi a maƙabartar Ɗan Marna, wadda ke ɗauke da sunan babban malamin nan na Katsina na ƙarni na 17.

ABIN DA YA BIYO BAYA

Alkawari kaya ne, wanda ya ɗauka kuwa bai rayu ya sauke ba. Sabon albashi an fara biya. Dokar shekara 70 sai a 2012 aka sa mata hannu, bayan wani yajin aiki. Kuɗin gyara da alawus kuwa suka zama bashi mai tsawon rai. A 2010 malaman jami'o'in jihohin Gabas suka yi watanni suna yaji kafin gwamnoninsu su biya. A 2013 aka rufe jami'o'i daga 1 ga Yuli zuwa tsakiyar Disamba, har gwamnati ta ajiye naira biliyan 200. Cikin wannan yaji tsohon shugaban ƙungiyar, Farfesa Festus Iyayi, ya rasu a haɗarin mota kusa da Lakwaja, yana kan hanyar Kano wajen taro. A 2020 aka yi wata tara, a 2022 aka yi wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, sai da Kotun Ma'aikata ta ba da umarni aka koma. Sake dubawar da aka ce za a yi a 2012 ba a fara ta ba sai 2017. Kwamiti ya bi kwamiti: na Babalakin, na Munzali Jibril, na Nimi Briggs, a 2024 kuma na Alhaji Yayale Ahmed, wanda shi ne Sakataren Gwamnati ranar da aka sa hannu a 2009.

To, in aka ɗora al'amarin a ma'auni, me za a samu? Masu zarginsa suna da gaskiya: ya bari yara suka yi wata huɗu a gida a kan takardar da daga ƙarshe ya yarda a sa wa hannu. Masu kare shi su ma suna da gaskiya: tsoron da ya sa ya yi jinkiri, watau kada a rubuta abin da baitulmali ba zai biya ba, shi ne ya tabbata bayansa. Amma akwai abin da ɓangarorin biyu ba su musu a kai. Waɗanda suka gabace shi sun haramta ƙungiya, sun tsare shugabanninta, sun yi barazanar korar malamai daga gidajensu. Shi bai haramta ba, ya bar alƙali ya yi hukunci, ya karɓi sulhu, ya bar wa malamai takarda da sa hannu. Shekara goma sha biyar bayan haka, duk malamin da ya tashi neman hakki wannan takarda ya riƙa ɗagawa. Duk wanda ya taɓa zama a zauren shari'a ya san bambancin mai ƙara da ya zo da baki kawai da wanda ya zo da takarda.

Ga ma'aikaci darasi a nan, ga mai riƙe da mabuɗi kuma darasi. Mai nema ya nemi a rubuta, da ranar biya, da inda kuɗin zai fito. Mai bayarwa kada ya aiki wakili sai ya ƙidaya abin da ke cikin akwati, in kuwa ya aika, to, ya tsaya a kan abin da wakilinsa ya ƙulla.

Allah ya jiƙan Matawalle Umaru, ya gafarta masa kurakuransa, ya sa Aljanna ce makomarsa, shi da iyayensa da malamansa. Allah ya ba shugabanni ikon cika alkawari, ya ba ma'aikata ikon riƙon amana. Amin.

Tamat.